Idan Mai Masauki Ya Ƙara Kuɗi Bayan An Sallama

Rigimar takan fara ne da saƙo guda, kuma da wuya saƙon ya zo da zafi. Mai masauki zai gaishe ka, ya tambayi mai jiki ko yadda karatu yake tafiya, sannan ya shigo da abin da ya kawo shi: kaya sun yi tsada, kuɗin wuta ya ninka, farashin da ka gani a manhaja kuskure ne, saboda haka daga wata mai kamawa sai an ƙara kaza. Wani kuma tun ba ka hau jirgi ba zai aiko cewa ka soke kamun da ka yi, ku daidaita tsakaninku ta WhatsApp, har ragi zai yi maka. Wanda ya kama ɗaki na kwana biyu ko uku yana iya haɗiye wannan ya wuce. Amma wanda ya kama gida na wata uku, ga majinyaci a kwance, ga ranakun ganin likita a gaba, tashi ba ƙaramin aiki ba ne a wurinsa, kuma mai masaukin ya san da haka tun kafin ya rubuto.

Mutanenmu da yawa suna faɗawa cikin wannan hali. Akwai iyalan da ke kai marasa lafiya Alƙahira, su kama gida mai kayan ɗaki a Madinat Nasr ko Dokki ko Muhandisin. Akwai ɗalibai, akwai ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja ko Legas suna neman inda za su raɓa kafin su sami gidan shekara. A da ta hannun dillali ko wani ɗan'uwa mazaunin garin ake bi. Yanzu an ƙara da manhajoji irin su Airbnb, wanda aka kafa a San Francisco a 2008, da Booking.com. Matsayina a kan lamarin a fili yake: farashin da aka sallama a kansa shi ne farashi har wa'adin ya cika. Kuma galibin waɗanda ke yin asara a irin wannan rigima da gaskiyarsu suke yin ta, domin da hannunsu suke warware yarjejeniyar da take kare su, wasu don kunya, wasu don fushi, wasu don kwaɗayin ɗan ragi.

Sai dai adalci ne a fara da sauraren mai masaukin, domin kukansa ba kullum ƙarya ba ne. A ranar 6 ga Maris 2024 babban bankin Masar ya saki fam, sai dalar da ake canzawa a kan kusan fam 31 ta kai wajen 50 a wuni guda. Kafin nan, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya kwararo da jama'a masu ɗimbin yawa zuwa Alƙahira, haya ta yi tashin gwauron zabo a unguwannin da baƙi ke sauka. A nan gida, an janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni aka saki naira, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane ma'auni. Mutumin da ya yanka farashin gidansa a Janairu don baƙon da zai zauna har Yuni, da wuta da janareta duk a kansa, lallai ya ji a jikinsa.

To amma wannan ba ya ba shi damar sake ciniki shi kaɗai. Hayar dogon zango musayar kasada ce. Mai gida ya samu tabbacin cewa gidansa ba zai kwana babu kowa ba tsawon watanni, shi ya sa ma yake yin ragin wata. Baƙo kuma ya samu tabbacin farashi. Baƙon da ke sayen dala da naira don biyan wata na biyu da na uku shi ma canji yana cin sa, kuma babu mai masaukin da ke mayar masa da ko kwabo saboda naira ta faɗi. Akwai kuma abin da ya kamata a duba kafin tausayi ya rufe ido: da wane kuɗi aka yi cinikin? Idan da dala ne, faɗuwar kuɗin ƙasarsa riba ce ga mai gidan, domin dalar da yake karɓa ta ƙara auki a hannunsa.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci malamanmu sun daɗe da warware ta, tun kafin a yi mafarkin intanet. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, hayar gida iri biyu ce. Akwai wajiba, wadda aka yanke mata wa'adi sananne, a ce daga ranar kaza zuwa ranar kaza a kan kuɗi kaza. Wannan ta ɗaure ɓangarorin biyu, babu mai fita ko ya canza shi kaɗai. Akwai kuma mushahara, wadda aka ce kawai kowane wata kaza ba tare da an faɗi ƙarshenta ba. Ita ba ta ɗaure kowa sai gwargwadon abin da aka riga aka biya; da zarar kwanakin kuɗin sun ƙare, kowa na da ikon ya ce ya fasa. Duk wanda rigimar farashi ta same shi, ya fara tambayar kansa wace iri ya ƙulla.

Kamun da aka tabbatar a manhaja, mai ranar shiga da ranar fita da jimillar kuɗi, ya faɗa kashi na farko, kuma mai shi yana tsaye a kan ƙasa mai ƙarfi. Inda mutanenmu ke zamewa shi ne su kama wata ɗaya a manhaja don su ga yadda gidan yake, sannan su gaya wa mai gida da baki cewa za su ci gaba har likita ya sallame su, shi kuma ya ce ba komai, gida naku ne. Wannan kalma mai daɗi ba ta ɗaure farashi. Ranar da watan ya cika, idan ya ce sabon wata sabon kuɗi, yana cikin haƙƙinsa a shari'a da ƙa'idar kamfani baki ɗaya, ko da a ɗabi'a bai kyauta ba. Na san dalilin da ke sa a yi haka, domin mai jinya bai san ranar sallama ba, kuma ba ya son ya ɗaure kansa da kwanakin da ƙila ba zai yi ba. Mafita ita ce tun ranar farko a sa mai gidan ya rubuta cewa duk ƙarin kwanaki zuwa wata kaza zai kasance a kan farashin yanzu. Idan ya ƙi rubutawa, ya ba ka labarin abin da yake shirin yi.

Yadda Airbnb yake tafiyar da irin wannan haya yana da kyau a sani, domin a nan makamin baƙo yake. Duk zaman da ya kai kwana 28 ko fiye ana lissafa shi a matsayin na wata-wata. Ana cire kuɗin watan farko lokacin da aka tabbatar da kamun, sauran kuma ana cira wata bayan wata daga katin da ka bayar. Mai masauki yana iya ɗaga farashin gidansa a tallarsa duk ranar da ya ga dama, amma wannan sababbin baƙi ya shafa. Kamun da aka riga aka tabbatar ba ya motsi sai ta hanya ɗaya: ya turo maka buƙatar canji, kai kuma ka danna amincewa. Idan ka ƙi, kamun yana nan yadda yake. Wannan dannawa guda ita ce sa hannu a sabuwar yarjejeniya, kuma da yawa suna yin ta cikin gaggawa a harabar asibiti, suna zaton tabbatar da ranaku ne kawai. Duk buƙatar canjin da ta shigo wayarka, ka duba sabuwar jimilla da ke ƙasanta ka gwada da tsohuwar. Idan Turanci ko Larabcin ya yi maka nauyi, ka nemi mai karanta maka. Buƙatar ba za ta lalace don ta jira awa guda ba.

Tarko na biyu ya fi wannan zurfi, wato batun wa zai soke. Mai masaukin da ya ga ba za ka ƙara ba yakan ce, to shi ke nan, ka soke kawai, zan mayar maka da kuɗinka. Dalilinsa shi ne sokewa daga ɓangarensa tana da tsada. A ƙa'idar da kamfanin ya sabunta a 2023, mai masaukin da ya soke ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba ana cin sa tarar da ba ta gaza dala 50 ba, tana ƙaruwa gwargwadon kusantowar ranar shiga, ana kuma iya toshe masa waɗannan ranaku ta yadda ba zai ba wani gidan ba, baƙo kuma a mayar masa da kuɗinsa. In kuwa baƙon ne ya soke zaman dogon zango bayan lokacin sokewa kyauta ya wuce, ana cajin sa kwanakin da ya yi da kuma kwana 30 na gaba. A ce gidan dala 900 ne a wata, ka yi mako uku ka soke da hannunka don fushi ko don an roƙe ka: dala 900 ta hau kanka ta gidan da ba ka ciki, mai gidan kuma ya zuba wani baƙo a sabon farashi. Alkawarin da ya yi maka da baki na mayar da kuɗi ya koma ga imaninsa kaɗai. Saboda haka wanda ba ya son ci gaba da yarjejeniyar shi ne zai soke ta. Idan ya ƙi sokewa kuma ya ƙi karɓar ka a kan farashin, ka sanar da kamfani cewa mai masauki ne ya janye, ka tura musu saƙonninsa.

Batun biya a bayan fage kuwa ina fahimtar abin da ke jan mutane gare shi. Kason da kamfani ke ɗauka a hayar wata uku kuɗi ne na gaske, kuma mai jinya kowace dala tana da wurin zuwa. Amma ƙa'idar Airbnb ta hana mai masauki neman a biya kuɗin haya a wajen manhaja, kuma duk abin da ka miƙa hannu da hannu kamfani ba ya ganin sa, ba zai kuma bi maka kadinsa ba. Wanda ya soke kamunsa ya koma biyan tsaba ya mayar da kansa daga haya mai wa'adi zuwa ta wata-wata, a ƙasar da ba tasa ba. Sau da yawa mai gidan da ya yi ragi a watan farko don ya fitar da kai daga manhaja shi ne zai ƙara a wata na biyu, lokacin da babu sauran wanda za ka kai wa ƙara.

Ba kowace neman ƙari ce zalunci ba, kuma a nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu mutane ne masu zumunci. An kama gida da sunan mutum uku, sai ga ƙanin miji ya zo dubiya ya yi mako biyu, ga ɗalibi ɗan garinmu da ke taimakawa da tafinta ya dawo kwana a falo, ga wata baiwar Allah da masaukinta ya ƙare an ce ta zo a zauna tare. A wurinmu wannan alheri ne, kuma alherin ne. A wurin mai gida kuwa mutum shida ne ke amfani da ruwa da wuta da katifun da ya yi lissafin mutum uku a kansu, kuma idan tallarsa ta faɗi kuɗin ƙarin mutum, haƙƙinsa ne a biya shi ba tare da ja-in-ja ba. Haka batun wuta. Gidaje da yawa a Alƙahira da Abuja suna da mita mai kati, kuma a hayar wata-wata an saba barin sayen katin ga baƙo. Idan an rubuta haka a talla tun farko, babu rigima. Abin da ba ya halatta shi ne a rubuta cewa wuta tana cikin kuɗin haya, sannan da zafi ya shigo aka ga na'urar sanyaya ɗaki tana aiki dare da rana a fito da sabon lissafi. Ƙa'idar ita ce duk kuɗin da ya zama dole sai an bayyana shi kafin baƙo ya kama gidan.

Kuskuren farashi shi ma iri-iri ne. Idan gidan da kowa ya san ya kai dala 1,000 ya fito a dala 100 saboda an manta sifili, kuma mai shi ya yi magana a ranar, riƙe shi a kan haka cin dukiyar mutum ne ba da yardarsa ba. Booking.com ma ya rubuta a sharuɗɗansa cewa kuskuren da yake a bayyane ba ya ɗaure kowa. Amma mutumin da ya sa ragin wata da hannunsa, ya karɓi kuɗin farko, ya yi shiru mako shida, sannan ya tuna cewa kuskure ne daidai lokacin da kasuwar haya ta tashi, wannan nadama ce yake yi, kuma nadamar mai sayarwa ba ta warware ciniki.

Yadda aka mayar da amsar farko yakan yanke yadda rigimar za ta ƙare. Da yawanmu kan amsa da "to, bari mu gani" ko "Allah ya hore", don kada a ce mun yi wa mai gida tsaurin ido. Shi kuwa yana ɗaukar wannan a matsayin rabin yarda, gobe ya kafa hujja da ita. Kunyar mara kunya asara ce. Ana iya ƙin abu da ladabi cikakke, a kuma ƙi shi sarai. Ga misalin abin da ya wadatar: "Salamu alaikum Alhaji. Na ga saƙonka, na kuma fahimci halin da ake ciki. Sai dai kamun da muka yi daga ranar kaza zuwa ranar kaza an tabbatar da shi a kan kuɗi kaza, a kansa na tsara tafiyata, kuma ba zan iya amincewa da ƙari a cikin wannan wa'adi ba. Idan akwai wani kuɗi da aka rubuta a talla ban biya ba, a nuna mini, zan biya ta manhaja. Idan kuma ci gaba ba zai yiwu a wurinka ba, sai ka soke daga ɓangarenka. Allah ya bar zumunci." A cikin akwatin saƙon manhaja za a rubuta wannan, domin shi ma'aikatan kamfani ke iya buɗewa su karanta. Idan ya kira ta waya ko ya zo har ƙofa, a saurare shi, a ba shi ruwa, bayan ya tafi a rubuta masa a manhaja cewa kamar yadda muka yi magana ɗazu, ka nemi kaza, na ce kaza. A kuma ɗauki hoton tallar gidan da rasit tun ranar kamu, saboda mai gida na iya gyara rubutun tallarsa daga baya.

Abu ɗaya da za a guje wa shi ne barazana da sharhi, wato a ce masa in bai janye ba za a ɓata masa suna. Kamfani yana ɗaukar wannan a matsayin tatsa, kuma yana iya juya shari'ar a kan mai gaskiya.

Idan magana ta ƙi, sai kamfani. A nan ma akwai agogo. Matsalar da ta shafi gidan kansa, kamar a hana ka shiga ko a yanke ruwa, ana son a kai rahotonta cikin awa 72 da ganin ta. Neman a mayar da kuɗi ta sashen sasanci na manhajar yana da wa'adin kwana 60 bayan fita, kuma idan mai masauki bai amsa ba ko ya ƙi cikin awa 72, kana iya neman kamfani ya shiga tsakani. Kada a zaci abin yana tafiya kamar ruwa. Mai amsa kira yau ba lallai shi ne zai amsa gobe ba, kuma dogon labari da ɓacin rai ba sa taimako. A faɗi lambar kamu, a faɗi farashin da aka tabbatar, a nuna saƙon da aka nemi ƙari, a nemi abu guda: ko a tsayar da kamun yadda yake, ko a soke shi a kan mai masauki a taimaka da wani gidan. Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da 'yan Najeriya. Daga 2022 bankuna da yawa sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, waɗanda suka dawo da shi a 2025 kuma da iyaka suka dawo. Idan ranar cire kuɗin wata na biyu ta zo katin ya ƙi, kamun na iya rushewa, mai masaukin da ke neman hanyar rabuwa da tsohon farashi ya same ta a ɓagas. A tabbatar da kuɗi a katin kwanaki kafin ranar.

Wanda ya kama gida ta hannun dillali, takardarsa ce kaɗai garkuwarsa. A Masar, tun dokar haya mai lamba 4 ta 1996, sababbin hayoyi suna tafiya ne bisa abin da ɓangarorin biyu suka rubuta, kuma mutane kan kai takardar ofishin rajista da ake kira Shahr al-Aƙari a tabbatar da kwanan watanta. Baƙon da ke da bizar 'yan watanni ba shi da lokacin zaryar kotu, don haka amfanin takardar shi ne ta sa mai gida da dillalin da ya ci la'ada su ji nauyin sa hannunsu. A rubuta wa'adi, da jimilla, da irin kuɗin da za a biya da shi, da wanda wuta da gas ke kansa, da ranar mayar da kuɗin ajiya.

A Najeriya doka ta fi ba da wurin tsayawa. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba ɗan haya damar zuwa kotu ya nemi a bayyana ƙarin da aka yi masa a matsayin wanda ya wuce kima, kotu ta duba yadda haya take a unguwar, kuma ba a fitar da shi kafin a yanke hukunci. Ta kuma sa tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida ga mai fitar da ɗan haya da ƙarfi ko yi masa barazana don ya tashi. Sai dai dokar ta ware Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA daga ƙarƙashinta. A Abuja, mai biyan wata-wata yana da haƙƙin sanarwar wata guda, mai biyan shekara ta wata shida, bayanta kuma sai wata ta kwana bakwai kafin a tafi kotu. A ko'ina dai a ƙasar nan mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko watsar da kayan ɗan haya da kansa. Mai zaman 'yan makonni a gida mai kayan ɗaki, wanda ake yi wa shara da canjin zanen gado, matsayinsa ya fi kusa da na baƙon otal, kariyarsa kuma ba ta kai ta cikakken ɗan haya ba. Ga irinsa sulhu ya fi sauri, kuma akwai zaurukan sasanci da ke ƙarƙashin manyan kotuna a Legas da Abuja da Kano, ban da mai unguwa da hukumar Hisbah a inda take. Ofishin 'yan sanda ba wurin yanke kuɗin haya ba ne, sai idan an kai ga barazana ko duka.

Da duk wannan, akwai ranar da mai gaskiya zai zauna ya yi lissafi. Idan saura mako uku ka tafi, ƙarin da ake nema bai kai kuɗin motar kwashe kaya da sabuwar la'ada ba, ga wahalar sauko da mara lafiya daga bene, ba zan ga laifin wanda ya biya ya huta ba. Sharaɗin shi ne a biya ta hanyar da za ta bar shaida, a kuma rubuta cewa wannan ne ƙari na ƙarshe har ranar fita, domin wanda ya ga ƙofa ta buɗe sau ɗaya yakan dawo. Akwai kuma mai masaukin da ya yi ɗawainiya da ku, ya kai ku asibiti da tsakar dare a motarsa, ya zo da takardar kuɗin wuta ya nuna cewa asara yake yi, bai yi barazana ba, roƙo ya yi. Taimaka wa irin wannan mutunci ne, kuma ina ganin wanda yake da hali ya kamata ya yi. Amma a faɗa masa da baki, a kuma rubuta, cewa kyautatawa ce, farashin haya yana nan yadda aka sallama. In kuwa lamari ya kai ga canza makulli, ko yanke wuta a gidan da akwai mai jinya, ko shigo wa mata ba sallama, maganar kuɗi ta ƙare a nan. A ɗauki hoto, a sanar da kamfani nan take, a nemi wani masauki, a bi haƙƙi daga inda rai yake a kwance.

Bayan fita, Airbnb yana ba da kwana 14 a rubuta sharhi a kan masaukin. Mafi yawanmu ba ma rubutawa. Mukan ce an rabu lafiya, a bar shi da Allah. Ina roƙon mai karatu, idan abin ya same shi, ya rubuta. Babu buƙatar zagi ko ƙari a kan abin da ya faru. Ya faɗi farashin da aka tabbatar, da ranar da aka nemi ƙari, da yadda aka ƙare, idan kuma mai gidan ya janye ya kyautata, ya faɗi wannan ma. Mutumin da zai kama gidan bayanka wataƙila shi ma mahaifiyarsa ce zai kawo asibiti, kuma abin da ka rubuta shi kaɗai zai gani kafin ya biya.